Hular Tafinta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana na fari, mai shirin tafiya Kutanu karatu. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka a kan hanya da inda za ka sauka, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da direba mai gyangyaɗi. Amin.

Bayan haka, na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, bango ɗaya ya raba ɗakinka da nawa, amma ga ubanka yana aiko maka takarda kamar kana ƙasar waje. To, ka yi haƙuri. Ni mutum ne da yake ci da bakinsa tun kafin a haife ka. Na yi magana gaban kumandan, na yi gaban jandarma da 'yan duwan masu karɓar kuɗin fito a iyaka da manyan fatake, amma ban taɓa iya zaunar da kai in yi maka doguwar magana ba. Kai ne na fari, kuma sunan mahaifina aka sa maka, don haka ko sunan ban taɓa kira ba. Haka muka tarar, haka muka yi. In ina da saƙo sai in bai wa uwarka, ko in faɗa wa bango da ƙarfi ina sane kana ji. Wannan saƙon ya fi ƙarfin bango.

Uwarka ta gaya mini ka gama ɗaure kaya. Ta ce ba littattafai da tufafi kaɗai ka ɗaure ba, har tabarmarka ka naɗe, har ƙusar da kake rataya riga ka cire daga bango. Ta faɗa tana dariya, amma idonta ba dariya yake ba. Ni ma na gane. Wanda zai dawo hutu ba zai cire ƙusa ba. Ka yanke a ranka cewa gidan nan ya rufe maka ƙofa tun abin da ya faru ranar Juma'a a zauren yayana Malam Sani, kuma ka ɗauki shirun da na yi a matsayin hukunci. Shi ya sa nake rubutu, kafin motar albasa ta ɗauke ka zuwa Paraku, inda za ka kama hanyar Kutanu.

Bari in maimaita abin da ya faru yadda na gan shi, don kai kana cikin zafi, ni kuwa ina gefe. Malam ya tara dangi don a yi maka addu'a. Kafin a ɗaga hannu sai ya ce maka, "Kai yaro, wanga falsafa da za ka tahi karatu, mine ne? Likita mun san aikinai, alƙali mun san nashi." Da ka ce ilimi ne kawai, da an shafa fatiha an ci goro an watse. Amma kai ɗan Garba Tafinta ne, sai ka gyara zama. Ka ce ilimi ne na tambayoyin da ke ƙarƙashin sauran tambayoyi, misali ko akwai Allah, kuma ta yaya mutum zai sani. Ka kawo hujjojin masu cewa akwai, zaure yana gyaɗa kai. Sannan ka kawo na masu cewa babu, har da tambayarsu ta wa ya yi na farko, ka jera su tsaf ba ka rage musu ƙarfi ba, sai gyaɗa kai ya tsaya.

Malam ya ce, "Mun ji na waɗanga, mun ji na waɗancan. Kai fa, ina ka tsaya?"

Ka ce, "Baba, ina salla, ban bari ba. Amma in na ce maka hujjojin can ba su taɓa ni ba, na yi maka ƙarya. Nema nake."

Sai Malam ya juyo gare ni. "Garba, ka ji ɗanka. Ko ka hana shi tahiya, ko ka ɗebe hannunka ga lamarinai." Ni kuwa hulata tana hannuna a kan gwiwa, ban ce uffan ba. Ka dube ni, ka jira, ka tashi ka sa takalmi ka fita.

Ka ga hular, amma ba ka san ma'anarta ba, don ban taɓa kai ka wurin aikina ba. Na koyi tafinta ne wurin Baba Tanko, a kasuwar nan ta Malanbil, shekarun da aka sauke tutar Faransa. Fatake su zo daga Kabi da Sakkwato sayen albasa da busasshen kifi, masu kaya Dendawa ne ko Zabarmawa, 'yan duwan kuma Faransanci kawai suke so su ji, sai a nemi mai baki uku ya tsaya tsakani. Ranar da na fara binsa, Baba Tanko ya ce mini, "In za ka ɗauki maganar wani, ka ɗebe hula ka riƙe ga hannu, kowa shi san bakin aro ne. Ba ka ƙara mata gishiri, ba ka rage ta. Ko uwarka anka zaga cikin maganar, ka kai zagin yadda shike. In ka gama, in kana da taka, ka mai da hula bisa kai ka faɗi." Abin ya zama mini jiki. Duk lokacin da wani ya fara magana mai nauyi wadda na san sai na ɗauke ta na kai wani wuri, hannuna da kansa yake zuwa kai. Tun kana tsakiyar magana ranar Juma'a na cire ta. Ɗauka nake yi, ba yanke hukunci ba.

Yanzu bari in ba ka labarin da ban taɓa ba ka ba, don ka san hujjojin da ka jera a zaure ba baƙi ba ne a wurina. Na daɗe da saninsu, har mun sha shayi tare.

Shekarun da sojoji suka ce ƙasa ta shiga juyin juya hali, kana makaranta a Kandi. Aka turo mana wani malamin makaranta daga kudu, ana ce masa Kamarad Dosu. Siriri ne, mai tabarau, da wani babur mai yawan tari. Aka ce zai wayar wa jama'a kai a filin kasuwa, aka kira ni in yi tafinta. Ya fara da maganar noman shinkafa a haɗe, na kai lafiya. Can sai ya karkata. Ya ce ruwan sama ba aiko shi ake yi ba, zafin rana ne ke ɗaga shi daga kogi da teku ya sake saukowa. Ya ce mutum ne ya ji tsoron tsawa da mutuwa, ya ƙago wa kansa uba a sama, masu dukiya kuma suka ga abin yana da amfani, suna gaya wa talaka ya yi haƙuri sai lahira.

Jinina ya tafasa. Hula tana hannuna, amma na ce wa jama'a, "Kamarad ya ce rana ce ke shan ruwan kogi ta yi fitsari cikin gonakinku, don haka ku bar salla ku dinga gaida rana." Fili ya fashe da dariya, har wata mai sayar da fura ta zauna ƙasa. Na koma gida ina tafiya kamar wanda ya ci yaƙi. Gani nake na kare addini da wayona, kuma ba ƙaramin daɗi na ji ba.

Da safe sai ga tarin babur a ƙofar rumfata. A zamanin nan, juya maganar mutumin gwamnati yana iya kai mutum inda ba a ziyara. Dosu ya zauna ba tare da an ba shi wuri ba, ya ce da Faransanci, "Na san inda maganata take sa mutane fushi, na san inda take sa su yi shiru. Babu inda take ba da dariya. Me ka gaya musu?" Na gaya masa, don ƙarya biyu ta yi yawa. Ya cire tabarau ya yi dariya har da hawaye. Sannan ya ce, "Ba zan kai ka ko'ina ba. Tambaya ɗaya ce da ni. In Allahnka gaskiya ne, me ya sa yake bukatar ka yi masa ƙarya?"

Ga nasihata ta farko, ɗana. A Kutanu za ka tarar da masu yin abin da na yi, a ɓangare biyun duka. Mai addini zai karya wa hujjar abokin gardamarsa ƙafa sannan ya yi tsere da ita, marar addini ma zai ɗauko wawan cikinmu ya ce mu ke nan. Kada ka shiga cikinsu. Kafin ka amsa wa mutum, ka maimaita maganarsa har shi da bakinsa ya ce, "Haka nake nufi." In ka ci gardama bayan haka, ka ci da gaske. In an ci ka, ka koma gida da abin tunani, wannan ma ba hasara ba ce.

Tun daga ranar muka zama abokan gardama. Bayan la'asar mu haɗu wurin mai shayi kusa da gadar Gaya, ni da carbina, shi da tabarsa. Na fara masa da buhun albasa, don shi na fi sani. Na ce direba ya karɓo shi daga dillali, dillali daga manomin ƙauyen Garu, manomi daga iri, iri daga albasar bara, ita ma daga ta bara waccan. Kowa karɓa ya yi. In babu wani na farko wanda bai karɓa daga kowa ba, ta ina albasar ta shigo layi? Ya ce, "To, wa ya yi na farkon? In ka ce shi bai bukatar mai yi, me ya hana in ce duniya ce ba ta bukata, mu huta?" Na ce duniya tana tsufa tana sauyawa, duk abin da ke cikinta akwai lokacin da babu shi, kuma abin da zai iya zama babu ba zai zama shi ne tushe ba. Ya kurɓi shayi, ya ce, "Magana mai kyau. Amma ta kai ka ga na farko ne kawai. Ba ta gaya maka cewa na farkon yana jin addu'arka ba." Wannan ta bi ni har gida, na daɗe ina juya ta.

Wata rana shi ya kawo hari. Ya ce, "Garba, an haife ka a Malanbil, ka zama Musulmi. Da a ƙauyen uwata aka haife ka, da yanzu kana zuba manja a kan dutse da irin wannan sakankancewar." Na ce gaskiya ne, ban musa ba. Amma ni tafinta ne, na saba jin abu ɗaya da suna uku. Abin da ya fi ba ni mamaki ba saɓanin mutane ba ne, a'a, yadda duk inda ka je ka tarar suna ɗaga kai suna nema. In kowa yana jin ƙishirwa, ai akwai abin da ake kira ruwa. Ya ce ƙishirwar mutum ba ta tabbatar akwai rijiya a inda yake tsaye. Muka tashi kunnen doki, mai shayi ne kawai ya ci riba.

Wadda na fi so ita ce ranar da na tambaye shi me ya sa bai kai ni wurin jandarma ba. Ya ce don bai dace ba. Na ce wa ya ce bai dace ba, tun da a wurinka babu mai gani, babu mai sakayya? Ya ce, "Uwata." Na ce ita kuma wa ya gaya mata? Ya nuna ni da taba yana dariya, ya ce, "Ka dawo da buhun albasarka ta ƙofar baya." Ban ci shi ba ranar, amma na ga ya daɗe yana kallon kogi.

Sai shekarar da ruwa ya ƙi sauka, gero ya bushe a tsaye daga Gene har Tumbutu. Liman ya sa ranar roƙon ruwa. Ni da rawar kai na je na sami Dosu na ce, "Gobe za mu fita. Ka shirya laima, za ka ga hujja da idonka." Muka fita, maza da mata da yara, muka yi salla, muka yi kuka. Sama ta yi tas. Kullum in zo shayi in tarar Dosu ya buɗe wata tsohuwar laima a kansa, rana tana dukan ta. Da ruwan ya tashi zuwa, sai ya zo ranar da 'yan gwamnati suka gama wani taronsu. Dosu ya shigo jiƙe sharkaf ya ce, "Kwantar da hankalinka, ba zan ce juyin juya hali ne ya kawo shi ba."

Na cancanci wannan laimar. Wa ya aike ni in yi alkawari a madadin Ubangiji? Roƙo muka fita yi, ni na mai da shi caca. Ka kiyayi wannan, ɗana. Kada ka rataya imaninka a kan ruwan gobe, ko kifi mai rubutu a ciki, ko duk wani abin mamaki da ake yayatawa a tasha. Ranar da abin ya tsinke, sai ya faɗi da kai. Haka kuma kada ka yarda wani ya ce maka tun da an gano yadda girgije yake haɗuwa, an gama da maganar Allah. Sanin yadda abu yake aiki daban, sanin me ya sa akwai shi tun farko daban.

Akwai hujja ɗaya da Dosu yake ajiyewa sai ya ga na fara cika baki. Sai ya ce, "In Yana da iko kuma Yana da jin ƙai, me jariri ya yi da zai mutu da zazzaɓi? Ko dai ba Ya iyawa, ko ba Ya so, ko babu Shi." Ni kuwa in zubo amsoshi: jarrabawa ce, akwai hikimar da ba mu gani, akwai ranar sakamako. Ina faɗa da sauƙi, don a lokacin 'ya'yan wasu ake magana.

Ka tuna shekarar ƙyanda. Ka tuna ƙanwarka Rabi, mai bin ka har bakin hanya duk ranar da za ka koma Kandi. Kai ba ka nan sa'ad da jikinta ya tsananta. Dosu ne ya goya uwarka da ita a babur ɗin nan mai tari zuwa wurin likita, ya dawo ya ɗauke ni. Rabi ba ta tashi ba. Kwanakin zaman makoki duka yana nan a ƙofar gida, a ƙarshen tabarma, da takalminsa a gefe, mutane suna addu'a shi yana sunkuye. Ina ta jira ya faɗi maganar nan tasa, don yau ga ta a gabansa a shimfiɗe. Bai faɗa ba. Ni ne na faɗe ta, a cikin raina, da hulata a kai. Me ta yi? Na jawo amsoshina ɗaya bayan ɗaya, na tarar duk gaskiya ne a wurina, amma babu wadda ta kai zurfin kabarinta. Da jama'a suka ragu, Dosu ya matso ya ce da gurguwar Hausarsa, "Garba, yau ina so a ce kai ne da gaskiya."

Har yau ba ni da amsar da za ta rufe bakin wannan tambayar, kuma ba zan yi maka ƙaryar ina da ita ba. Abin da na sani shi ne, da na tashi salla a kwanakin nan, ba hujja ce ta tashe ni ba. Ina da ƙara, kuma babu inda zan kai ta sai wurin Allah. Na kai, ina kuka, ina jin akwai mai saurare. Dosu zai ce zuciyata ce take lallashin kanta. Wataƙila kai ma wata rana ka ce haka. Ni dai a nan na tsaya, kuma da idona biyu na tsaya. Nasihata a nan gajera ce. In ka ga mutum a bakin kabari, ka aje falsafa a aljihu ka zauna a tabarma. Kuma kada ka yarda a gaya maka duk wanda bai yi imani ba mugu ne. Na san ɗaya, ya fi wasu 'yan sahun farko amana.

Kafin a mai da Dosu kudu, an sake sa shi jawabi a filin kasuwa, aka sake kirana. Liman yana wurin, Malam Sani yana wurin. Na cire hula, na kai maganarsa duka, har da ta jariri da zazzaɓi, ban zubar da ko kalma ɗaya ba. Ba wanda ya yi dariya. Wani daga baya ya ɗaga murya, "Garba ya kafirta!" Na bari Dosu ya gama, sannan na mai da hula kai, na ce, "Jama'a, waccan tashi ce, na kawo muku ita yadda take. Ga tawa. Na ji ta duka, na san nauyinta fiye da ku, kuma gobe da asuba za ku iske ni masallaci." Da na fassara wa Dosu abin da na ce, ya kama hannuna a gaban kowa ya ce yau ne aka fara jin maganarsa a garin nan, kuma yau ne aka fara ba shi amsa. A duk aikina babu ranar da nake alfahari da ita kamar wannan. Bai musulunta ba, ni ma ban gusa ba. In ka ci karo da shi a Kutanu, ka gaishe shi, ka tambaye shi ko laimar tana nan.

To, ka ga abin da na gani ranar Juma'a. Na ga yaron da ban taɓa koya wa aikina ba ya ɗauki maganar mutanen da ba sa wurin, ya kai ta ba ragi ba ƙari, a gaban dattawan da yake jin tsoro. Da aka tambaye shi tasa, bai ɓuya bayan ƙarya mai daɗi ba. Abin da ya ɗauke ni rabin rayuwa da laima da kabari kafin in koya, kai ka yi shi a zaune. Wallahi na yi alfahari da kai. Ba zan ɓoye maka ba, da tsoro a ciki. Ina so ka nema ka samu abin da na samu, ina roƙon haka kowace salla. Amma alfaharin ya fi tsoron yawa. Abin da ya hana ni magana, ba a yabon ɗan fari a gaban yaya, kuma ba a amsa wa Malam Sani yana cikin fushi, sai ya huce.

Jiya da hantsi na je na same shi yana gyaran alƙalami. Na gaishe shi, na cire hula, na ce, "Yaya, saƙo na kawo." Na maimaita masa maganarka tun daga farko, a hankali, har inda ka ce kana salla ba ka bari ba, don na lura fushi ya hana shi jin wannan. Ya ce, "Ya faɗi haka?" Na ce ya faɗa, kowa ya ji. Ya ce, "Amma ya ce nema shikai." Na ce haka ya ce. Sannan na sa hula a kai. Tun muna yara ban taɓa sa hula don in ja da yayana ba, sai jiya.

Na ce, "Yaya, kai ka koya mini alwala, ba ni da bakin yi maka musu kan addini. Amma yaron da ya ƙi yi maka ƙarya a kan Allah, ban ga yadda zan kore shi da sunan Allah ba. In na hana shi tafiya, tambayar ba za ta fita kansa ba, bakinsa kawai zai rufe. In na cire hannuna, zai yi neman shi kaɗai cikin baƙi. Ɗana ne. Da albarkata zai tafi."

Malam ya daɗe yana fiƙe alƙalamin da ya riga ya yi tsini. Can ya ce, "Kai da ɗanka duka bakinku ya yi yawa." Na ce gado ne. Ya harare ni. Sannan ya ce, "To, ka gaya mishi in anka ba su hutu shi zo shi iske ni. Waccan magana ta wa ya yi na farko, ina da amsa tata, ban gama da shi ba." Ka san Malam, wannan a wurinsa runguma ce. Ka shirya, don na ga ya sauko da littattafan da ya daɗe bai buɗe ba.

Saboda haka ka je ka yi karatunka. Ka karanta masu cewa akwai, ka karanta masu cewa babu, ka ba kowa haƙƙinsa. Ka riƙe sallarka ko a ranar da zuciya ta yi sanyi, don mai nema bai kamata ya daina ƙwanƙwasa ƙofa ba. Kada ka raina uwarka don ba ta san sunan hujja ko ɗaya ba. Ta binne 'ya ta tashi ta ɗora tukunya, akwai ilimi a nan da ba a koyarwa a Kutanu. Duk inda nemanka ya kai ka, ka zo ka gaya mini da bakinka. In ya yi mini daɗi, in yi hamdala. In bai yi ba, mu sa a dafa shayi mu yi gardama, na saba.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka. Allah Ya buɗe maka abin da ya rufu, Ya sa ka gama lafiya, Ya dawo mana da kai muna raye. Uwarka tana gaishe ka, ko da yake tana tsakar gida tana jin ka.

Saura magana ɗaya, kuma ina so ka san hulata tana kaina sa'ad da nake rubuta ta. Ba saƙon kowa ba ne, ba na bango ba ne.

Haruna, ka kwance tabarmar nan ka shimfiɗa ta inda take. Ka mai da ƙusar bango.

Ni ne mahaifinka,
Garba Tafinta, Malanbil.